Kwalba Biyu a Tankin Kawu Gambo

Kawu Gambo ƙanin mamana ne, gidanmu ɗaya a Bulabulin, ɗakinsu yana kallon namu. Direba ne, hanyar Gamboru yake yi, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san abu ɗaya ne ba a so, motarka ta tsaya. Ko taya ce ta fashe wallahi mutum a kan ƙarfe yake tafiya har sai ya ga gari. Daga tashar Muna ake tashi, motoci a jere sojoji a gaba, eskot muke cewa, to in taka ta mutu a tsakiyar dajin nan ba mai zama jiranka, na bayanka zai tsaya minti ɗaya ya kwashe fasinja, kai ma ka faɗa ciki ka bar motar. Direbobin da kansu suka yarda da haka saboda yaran daji, 'yan bindigar nan masu tare hanya.

Shi asalinsa ɗan acaba ne, ni ban ma san lokacin ba ina ƙarama aka hana mashin a garin nan. Amma labarin mashin kam mun sha shi har mun gaji. Ya ce shi mashin bai taɓa ba shi kunya ba, in ya shaƙe sai ka kwantar da shi gefen titi ka buɗe kafireta ka hura da baki fuu ka mayar, shi ke nan fasinja ko sauka bai gama yi ba. Da aka hana sai ya jingine shi a bayan ɗaki, wai wata biyu ne za a buɗe, har kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Ya ja keken wani, ya yi lodi a tasha shekara da shekaru rana tana dafa shi, kafin ya samu wata tsohuwar farar mota mai dogon baya. Hajja yake ce mata. Da safe kafin ya wanke fuskarsa ya wanke nata gilashin.

Amma bai taɓa gane cikinta ba. Ita ba kafireta gare ta ba, injekta ce, ya ce mota mai ƙwaƙwalwa ba ta gaya maka ciwonta.

Sai ruwan nan ya zo, ambaliyar da ta cinye mana unguwa. Mu mun gudu da kayan jikinmu, Hajja kuma kwana huɗu tana cikin ruwa har wajen taga. Da ruwa ya janye aka shanya kujeru aka canza bakin mai, ta tashi, kowa ya ce Alhamdulillahi. To amma tun daga nan take tari. Tana cikin gudu sai ta fizga kamar za ta mutu sai ta dawo.

Akwai wani Ya'akubu a tasha mai tallar ƙananan kwalabe a faranti, ja da ruwan ɗorawa, maganin wanke injekta, a tanki ake zubawa. Shi ma ba mugu ba ne, abin da aka gaya masa yake faɗa. Kawu ya fara sayen ɗaya duk tafiya, ya yi bismillah ya juye, ya ce yana jin ta saki jiki. Wataƙila ma ta saki ɗin ni ban sani ba.

Makanikensa Obadiah sunansa, mutumin Askira ne, tun zamanin mashin suke tare. Ana gobe tafiyar da zan ba ku labarinta ya zo ƙofar gidanmu da hantsi, mu muna suyar awara ni da mama duk a kunnenmu. Ya ce a tada Hajja, ya sa kunne, ya tsotso mai kaɗan a robar ruwa ya ɗaga sama. Ƙasan robar baƙi kamar kunun da ya kwana.

Ya ce, “Baba Gambo zo ka gani da idonka, kar ka ce sharri nake wa Hajja.”

Kawu ya ce, “Na ga, ai shi ya sa nake ba ta magani.”

“Wane magani? Kwalbar nan ba ƙarya ba ce amma ta mota mai lafiya ce, in nozul ya ɗan yi datti ka zuba ɗaya bayan wata uku, to. Kai laka ce a tankinka, lakar ruwan nan, ga man bumburutu da kake sha a jarka. Mutum ya haɗiye ƙashi kai kana ba shi man goge baki.”

Mama ta yi dariya har mai ya fallatsa mata. Kawu ya ce, “Fasto yau Lahadi ce ban sani ba? Wa'azi tun da safe.”

Obadiah ya ce, “Ni ba fasto ba ne, amma ci gaba, kai liman za a nemo maka.” Sai ya daina dariya ya ce, “Ka ba ni kwana biyu, in sauke tanki in wanke, in canza filta da famfon mai, in kai nozul inji. Kwana biyu kawai mutumina. Kuma kar ka ƙara zuba abin nan, tada lakar yake yi ta taho gaba ta toshe.”

Kawu ya ce gobe layinsa ne. Motoci sun yi yawa a tasha kuma eskot ba kullum ba, sai ka yi kwana goma kafin a kira ka, in aka kira ba ka nan ka koma can ƙarshe. Ga yara uku, ga matarsa Anti Hajara tun bayan ruwan ko tukunyar kirki babu a ɗakinta, ga gero duk ya ruɓe. Ya ce, “In na dawo, wallahi in na dawo da kaina zan kawo ta in zauna kana yi kana zagina.” Obadiah ya ce wannan in na dawo ɗin shi ne na uku. Ya sayi awara ya tafi ko yaji bai karɓa ba.

Washegari da safe Kawu ya fita. Ya'akubu da bakinsa ya gaya mana daga baya, wai ran nan biyu ya saya, ya ce tunda ciwon ya yi yawa a ninka. Ya juye duka.

Ba mu ji komai ba sai bayan kwana ɗaya, bayan la'asar wani direba Jona ya yi sallama, shi ne motarsa take bayan ta Kawu. Ya ƙi zama a tabarma, a tsaye ya faɗa. Ya ce sun wuce Dikwa da nisa wajen da ba gida ba gona, sai ya ga Hajja ta fizga sau biyu ta gangara gefe ta yi shiru. Ya taka birki, fasinjan Hajja suka fito da gudu har wata mata ta bar takalminta, aka cusa su wasu a tasa wasu a ta bayansa, mutum kan mutum. Ya ce, Gambo shigo! Kawu ya riga ya ɗauko sifana. Ya ce filta ce kawai, zai cire ya hura, minti goma.

Jona ya ce, “Na ce masa wannan ba mashin ba ne, ka shigo don Allah don Annabinka. Na kama rigarsa har ta yage. Ya ce, Jona in na bar ta ƙona ta za su yi, in koma gida in ce wa yara me? Tafi yanzu zan same ku.” Fasinja suna ihu suna dukan mota, sauran motoci sun yi nisa ƙura kawai ake gani. Jona ya dubi Anti Hajara ya ce, “Na ja, Maman yara ki yafe mini, na ja. A madubi ƙafafunsa kawai na gani ya shiga ƙarƙashinta.”

Anti Hajara ba ta yi kuka ba, ta ce masa ya sha ruwa.

Bayan kwana huɗu eskot na gaba ya tarar da motar a wajen. Ba a ƙona ta ba, batir kawai aka cire da kayan fasinja. Filta tana ƙasa a kwance cike da laka, sifana kusa da ita. Ba jini, ba takalmi, ba komai. Direbobi suka ɗaure ta da igiya suka jawo ta har gari.

Obadiah ya zo ya sauke tankin nan a ƙofar gida ba wanda ya sa shi, ya juye a baho, laka ta kusa rabi har da ɗan ƙaramin kwaɗo busasshe. Ya wanke tankin, ya canza filta da famfon mai, ya kai nozul inji. Kwana biyu ya yi cif. Ya murɗa makulli ta tashi lafiya lau ko tari ɗaya babu, sai ya kashe ya kifa kansa a sitiyari ya daɗe a haka.

Mutane sun fara zuwa gaisuwa, Anti Hajara ta fito ta naɗe tabarmin tana cewa wa ya mutu, ku nuna mini wanda ya mutu. Malam ma ya ce ba gawa ba shaida ba a takaba, sai dai jira. Yau wata biyar ke nan. Wasu sun ce yaran suna ɗaukar direbobi su yi musu tuƙi, ba sa kashewa da wuri, mu wannan muke riƙe da shi.

Shekaranjiya aka ce an kawo wasu mutane da suka gudo daga daji, akwai wani dogo baƙi mai wushirya irin Kawu a cikinsu. Mama da Anti suka hau keke tun safe ko karyawa ba su yi ba. Sai azahar suka dawo. Mama ta ce mutumin ma ya fi Kawu tsufa, na wasu ne, nasa sun zo sun tafi da shi.