Shekarar da muka hana ta

Shekarun baya, wata Litinin a watan Maris, ina yanke wa tsohuwar da nake kula da ita farce, 'yata ta kira.

"Mama, ban samu ba."

A ƙasar wajen nan da muke zaune, idan ɗalibai sun kusa gama karatun likita, ana raba su asibitocin da za su koyi fannin da suka zaɓa. Ita fannin cututtukan fata ta zaɓa, tun tana ganin abin da man bilicin yake yi wa matan unguwarmu a Parkchester. Ba asibitin da ya ɗauke ta.

Na san dalili. Kafin nan malamarta ta ba ta shawara ta dakata shekara ɗaya ta yi binciken cututtukan fata, don guraben kaɗan ne, kuma da yawa cikin masu nema da bincikensu suke zuwa. Ta faɗa mana muna cin abinci. Babanta, wanda ciwon ƙoda ya riga ya raba da tuƙin tasi, ya ajiye cokali.

"Wato kin faɗi, za ki maimaita aji."

"Baba, ba faɗuwa ba ce."

"To me zai sa 'yan ajinku su wuce su bar ki? A masallaci kowa baban likita yake ce mini."

Ni ma da na tsaya a aji shida na firamare, haka na fahimta, har da gyaɗa kai kamar wata masaniya. Na bi ta kicin na ce, "Kin dai ga jikinsa. Bari ya gan ki ranar kammalawa." Ta daɗe tana wanke kofi ɗaya, sannan ta ce to.

Makon da labarin ya zo, babanta yana kwance a asibiti. Ita kuma kwanaki kaɗan gare ta ta nemi guraben da suka rage, ko ta zauna ba aiki. Ta kulle kanta a ɗaki, waya a hannu. Abinci sai dai in ajiye a bakin ƙofa. Ranar Alhamis ta samu gurbin shekara ɗaya a Brooklyn, amma ba na fata ba.

Na hau jirgin ƙasa mai lamba shida na tafi wurinsa a asibiti.

"An ɗauke ta?"

"An ɗauke ta."

"Fatar?"

Na gyara masa bargo. "Fatar."

"Kin gani? Da ta ɓata shekara a banza."

Da yamma ta shigo, ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Likitar fata." Ta dube ni. Sannan ta durƙusa ta ce, "Na'am, Baba."

Ya rasu a Afrilu, bai kai ga bikin kammalawar ba. Allah Ya jiƙansa.

Daga baya ta yi binciken, ta sake nema, aka ɗauke ta. Ban sani ba ko dole ne kowa ya yi shi. Na dai san malamarta ta fi mu sanin hanyar, mu kuma abin da za a faɗa a ƙofar masallaci muka duba.

Yanzu duk Lahadi tana zuwa, mu ci, mu yi hira. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni kuma har yau ban nemi gafararta ba.