Ranar da Odokiya ta Kira Rawar Maza

Shekara hamsin da biyu kakarmu Odokiya ta yi tana kallon rawar arkan daga bakin murhu, da muciya a hannu. Rawar maza ce. Sukan dafa kafaɗun juna su yi da'ira, mutum guda yana kiran taku, saura suna bi. A ƙauyenmu na kan dutse mijinta Tanasi ne mai kira, kamar ubansa. Kira goma sha huɗu ne a jere, ba wanda ya taɓa rubuta su.

Saura wata biyu bikin auren jikansu Lukiyan, ɓarin jikin Tanasi ya shanye, harshe ya bi. Samari suka zo suka zauna a gabansa, ya buɗe baki, iska kawai ke fita. Kowa ya tuna biyar ko shida, kowa da nasa jerin.

Ranar biki mai goge ya ja, maza suka haɗa kafaɗa, ba su yi zagaye uku ba suka ci karo da juna. Odokiya tana tuƙa tuwon masara ta hango mijinta a kan benci, kai a sunkuye, yatsansa mai lafiya yana bugun gwiwa. Ta san bugun nan, jerin kiran rawar ne. Da shi yake damun teburinta kullum in yana jiran abinci.

Ta ajiye muciya ta ce, "Ku ɗauko min tsohon nan ku sa shi a cikinku."

Ƙanensa Onufri ya ce, "Matar yaya, yau kuma tunkiya ce za ta kora makiyayi?"

"Makiyayin da ya ɓata hanya ai sai haka. Riƙe shi da kyau, ka rage surutu."

Suka saƙala shi tsakanin Onufri da ango. Ita kuwa ba ta taka cikin da'irar ba. A waje ta tsaya, idonta kan yatsan da ke bugun kafaɗar Lukiyan, ta buɗe murya.

"A durƙusa!"

Maza ashirin suka yi ƙasa kamar mutum ɗaya. Ta kira na biyu, ta kira na uku, da irin jan numfashin Tanasi, har da ɗan tarin da yakan yi kafin na tara. Mata suka bar tukwane. Ƙafarsa matacciya tana jan ƙasa, amma da'ira ta ɗauke shi tana juyi da shi, ba ta tsinke ba. A kira na ƙarshe ya ɗaga mai lafiyar ya doka, ƙura ta tashi.

Onufri ne ya fara cire hula, saura suka bi.

Ta matsa kusa da mijinta ta ce, "To malam, na yi kuskure?"

Ya daɗe yana kallonta, ido cike da ruwa. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ɗaya kacal? Gobe sai ka buga min shi a teburi."

Ta koma wa tuwonta, wanda ya riga ya kama.