Wutar da Ake Janye wa Ice

Safiyar wata Alhamis ce cikin watan Safar, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, lokacin da Alhamis take ranar hutu a Saudiyya. Na farka na ji gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda ya cika da wani wari da ban taɓa sani ba. Ƙamshin wardi ne, amma akwai ƙauri a ƙarƙashinsa, kamar an manta tuwo a kan wuta a cikin shagon turare. Na hau bene. A saman soro, inda muke shanya, na tarar da kakata, wadda muke kira Sitti, zaune a gaban tukunyarta ta tagulla, ta ɗaga kwalba tana duban ta a hasken rana. Ruwan da ya kamata ya fito garau ya fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa. Ta shinshina, ta juye shi a makwarara, ta ce ba tare da ta dubi kowa ba, "An ƙona mini amarya."

Sitti a Makka aka haife ta, iyayenta mutanen Damagaram ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Tana budurwa ta yi shekaru tana zuwa Ɗa'if, garin da ke kan duwatsu, tsinkar wardi a gonaki, a can ta koyi tatsar ruwansa, a can kuma ta samo tukunyar. Aikin a ido ba shi da wuya. A zuba fure da ruwa, a kifa murfi, a liƙe bakin da kwaɓaɓɓen gari don kada tururi ya tsere. Daga murfin wani bututu ya fita, ya ratsa durom ɗin ruwan sanyi, tururin ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga a cikin kwalba mai dogon wuya. Ɗigon farko, wanda ya fi ƙarfin ƙamshi, mutanen Ɗa'if na kiran sa arusa, Sitti kuma ta ce amarya. Shi matan unguwa masu haɗa humra suke jira shekara guda, domin wardi ba ya daɗewa: 'yan makonni ne a ƙarshen sanyi, kuma furen da aka tsinka da asuba dole ya shiga tukunya a ranar. Wani direba mutumin Nijar, Malam Isa, mai ɗauko kayan lambu daga Ɗa'if, shi yake kawo mata buhu a gaban mota, a lulluɓe da jiƙaƙƙen zane.

Duk sirrin aikin a wuta yake. Tukunya ba ta son tafasa mai hauka, so take ta riƙa numfashi a hankali. Sitti da ice take yi. Ni da yaran maƙwabta mu ke zagaya bayan shagunan kafintoci da na masu 'ya'yan itace mu tsinto gutsattsarin katako da fasassun akwatuna, mu hau da su soro, mu tara a bayan tankin ruwa inda muke ɓuya idan ana wasan ɓuya. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kira na, kuma ni ke canja ruwan durom idan ya ɗumama, in sauko in kwaso ƙanƙara a firiji. Ita kuwa tana zaune a kan 'yar kujera, kunnenta a wajen ɗigon kwalba, hannunta a kan ice. Ɗigo ya yi sauri, ta janye ice kaɗan. Ya yi nawa, ta tura. Ba ta duban wutar ma, hira take yi.

A shekarar nan gobara ta tashi a wani gida a layinmu, sai mai gidan da muke haya, wani dattijo mutumin Hadaramaut, ya hana hura wuta a soro. Bai yi faɗa ba, ya dai ce halas, wato magana ta ƙare, kuma kowa ya san yana da gaskiya. Mahaifina, da muke kira Abuya, mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana da ɗan shago a unguwar Mahjar. Ya kawo wa mahaifiyarsa murhun lantarki sabo fil, ya ja waya zuwa soro. Matsalar murhun ita ce bai san tsaka-tsaki ba. Ko wace lamba aka sa shi, sai ya yi ja zur, ya yi ƙas ya mutu, ya huce, ya sake kamawa. Idan ya kama, tukunya ta tafasa har ruwan fure ya hau bututu, wanda ke ƙasa kuma ya kama gindi. Buhu na biyu ke nan da ya lalace a safiyar da nake ba da labari. Da rana Sitti ta wanke tukunyar, ta goge ta da lemon tsami da gishiri, ta ce wa Abuya, "Usmanu, ka nemo mini mai sayen tagulla. Wutar da ba a janye mata ice, ni ban san yadda ake magana da ita ba." Malam Isa ya riga ya ce fure ya fara ƙarewa, buhu ɗaya kawai zai iya alkawari, a mako mai zuwa.

Da la'asar ina kwance a falo ina kallon fanka, sai idona ya kai kan makunninta a bango. Idan aka murɗa shi, fanka ba ta tsayawa ta sake tashi, gudunta kawai ke raguwa. Washegari bayan sallar Juma'a na ce wa Abuya ya cire makunnin fanka ya sa wa murhu. Shi ba ya kiran sunana, tunda na mahaifiyarsa ne, Ummi yake ce mini. Ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa. "Ummi, kin taɓa ganin an ɗora wa akuya kayan raƙumi? Wannan ɗan abin kafin ki ce bismilla ya narke." Na ce to a nemo raƙumin. Ya daina dariya, ya dube ni. Sannan ya ce, "Ke kika kawo magana, ke za ki haɗa. Ni ido ne nawa. Yalla, sa takalmi."

A makon nan kullum na taso daga makaranta shagon Mahjar nake wucewa da rigar makaranta a jikina. Mun je unguwar Waziriyya, muka shiga wani shagon kayan lantarki mai ƙananan durowoyi har rufi, muka sayo wani baƙin abu mai ƙafa uku da ake kira tirayak. Abuya ya bayyana mini shi yadda ba zan manta ba: mai gadin ƙofa ne, yana buɗe wa wuta yana rufewa da saurin da ido ba ya gani, ke kuma ki gaya masa iya faɗin da zai buɗe. Sauran kayan daga matattun na'urorin shago muka tsinto su. Faifan alminiyum mai haƙora don ya sha zafin mai gadin, 'yar fanka daga cikin wata tsohuwar kwamfuta, fis, da akwatin roba na mita. Na koyi riƙe ƙarfen dalma kamar alƙalami, na koyi cewa haɗi mai kyau yana sheƙi, marar kyau yana yin fari-fari kamar busasshen kunu. Duk wanda na yi bai yi ba, Abuya ba ya gyarawa, sai dai ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ce, "Wannan ki sake." Abu biyu ne kawai bai bar mini ba: shi ke duba komai kafin a sa fulogi, kuma shi ke sa fulogin. Gidajen Jidda na lokacin wuta iri biyu ce a bango, ƙarama da babba, kuma babu gidan da ba a taɓa ƙona rediyo ko dutsen guga ba saboda an soka a ramin da ba nasa ba. Da jan fenti na zana da'ira a kan namu don kada a yi kuskure.

Mun fara gwadawa da ƙwan fitila. Na murɗa makunni, haske ya taso a hankali daga ja-ja kamar garwashi har ya cika shagon, na dawo da shi ya kwanta. Wani mai walda da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya tambayi wa ya haɗa, Abuya ya nuna ni da haɓa ya ci gaba da aikinsa.

Da muka kai gida muka ɗora tukunya da ruwa zalla don Sitti ta gwada. Na'ura ta yi aiki daidai, amma Sitti ta kasa. Idan ɗigo ya yi sauri, sai hannunta ya kai kan makunnin ya ja shi wajenta, har sau ɗaya ya cire ya zo mata a tafin hannu. In ta tuna murɗawa ake yi, sai ta tsaya tana tunanin dama ne ko hagu, ta sauke ido daga kwalba, ta daina saurare, kafin nan tukunya ta riga ta wuce ta. Abuya ya ce zai rubuta mata lambobi. Ta ce, "Ni da nake jin wuta da kunne za ka ba lamba? Takwara, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Amma ni ban taɓa murɗa wuta ba. Turawa nake yi, ina janyewa." Ta miƙa mini makunnin, ta sauka ƙasa.

Na zauna ina juya shi a hannu. A shago akwai wata tsohuwar rediyo mai kaset wadda ba a murɗa ƙararta, wani ɗan maɓalli ake turawa gaba a dawo da shi baya. Washegari na nuna wa Abuya. Ya auna na cikinta bai dace ba, sai da muka koma Waziriyya aka zazzage durowoyi kafin a sami mai irin ƙarfin da muke so. Na cire makunnin murɗawa na dasa na turawa, na kwantar da akwatin a ƙasa, daidai inda bakin murhun icenta yake a da. Sannan na je bayan tankin ruwa, inda ragowar katakonmu yake, na zaɓo wani guntu mai tsawon kamu ɗaya, na kankare shi da takardar yashi, Abuya ya huda shi muka ɗaure a kan maɓallin. In an tura shi wajen tukunya, wuta ta ƙaru. In an janye, ta ragu.

Buhun ƙarshe ya iso da hantsi, furen da sauran sanyin dutse a jikinsa. Sitti ta hau soro ne don kada ta ba ni kunya, ba don ta yarda ba, na gani a fuskarta. Ta zuba fure, ta liƙe murfi, ta zauna a kujerarta. Da ta ga guntun katakon a gefen ƙafarta, ta dube shi, ta dube ni. Ta tura shi. Bayan wani lokaci tukunya ta fara ƙugi, ɗigon farko ya faɗo, na biyu ya biyo shi da sauri, sai na ga hannunta ya sauka da kansa ya janye ice kaɗan, idonta na kan kwalba. Ɗigo ya daidaita. Can sai ta fara ba Abuya labarin wata mata da ta zo neman humra ta tsaya ciniki har aka kira azahar, tana labarin hannunta yana turawa yana janyewa. A nan na san an gama, domin Sitti ba ta hira sai wuta ta yi mata biyayya. Da kwalba ta kai wuya ta ɗaga ta a rana, garau, da ɗan siririn mai yana yawo a sama. Ta ɗiga a tafin hannunta ta shafa mini a ka da bayan kunne, ta ce wa Abuya, "Ka ce wa mai tagulla ya sha zamansa." Da matan unguwa suka zo karɓar rabonsu, duk wadda ta tambayi yadda aka yi ba hayaƙi, sai ta ce, "Takwarata ce ta yi wa lantarki ice."

Ta yi shekaru tana aiki da akwatin nan kafin ƙafa ta hana ta hawa bene. Yau ruwan wardi yana kan kanta a kowane babban kanti, kuma murhun da ke ɗakin girkina da yatsa ake taɓa shi, ya riƙe zafin da aka ce masa ba kuskure. Mun daɗe da barin gidan Nuzla, Sitti ta rasu, tukunyar tana falon Abuya an kifa ta a kan kabad. Akwatin yana wurina. 'Yar fankar cikinsa ta daina juyawa, dalmar da na yi ta dushe, amma katakon ya yi baƙi ya yi santsi a daidai inda babban yatsanta yake zama. Idan sanyi ya fara janyewa, lokacin fure ya yi, nakan ɗauko shi in tura icen gaba in dawo da shi. Har yanzu hannuna bai cike gurbin nata ba.