Haƙoran Kaka Isuhu biyu da nasara ya tafi da su

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar kakana Isuhu, kuma wallahi sai bana na san abin da ya sami bakinsa! Ku tsaya ku ji, don tun ran da aka gaya mini na kasa riƙe shi a ciki.

Ni ba likita ba ne, gyaran babur nake a Zinder. Amma haƙori ya shiga raina tun da na fara karance-karance a salula. Ashe haƙoran gaban nan suna faɗin shekarun yaro! Ashe akwai masanan da aikinsu ke nan, su auna su, su ce mutanen ƙasa kaza ga yadda nasu suke! Na dami kowa a gareji. Da na je ƙauyenmu Hamdara, na tasa Gwaggo Hadiza, yayar babana, a gaba ina yi mata bayanin famfara: na nono su zube, na dindindin su fito, in waɗannan suka tafi kuwa shi ke nan har kabari. Ta ce, "Kai ɗan nan, ka ishe ni. Da kakar ubanka ta san wannan karatun naka, da Baba bai mutu da giɓi ba."

Kaka ba shi da haƙoran gaba biyu na sama. Goro sai ya yanka da wuƙa, gasasshiyar masara sai an ɓare masa. Muna yara mukan ce, "Kaka, wa ya cinye maka haƙora?" Ya ce, "Ƙadangare ya gani, ja'irai. Ku rufe naku." Muka yarda, don duk an gaya mana in ƙadangare ya ga giɓinka, haƙori ba ya fitowa.

Ga abin da Gwaggo ta faɗa. Lokacin nasara ne ke mulkin Damagaram. Labari ya iso ƙauye cewa wani nasara na tafe da gardi, wato dogarinsa, yana buɗe bakin yara. To kowa ya san don me ake duba bakin rago a kasuwa, kuma an ga ana ɗibar yara lakwal, makarantar nasara, manya aikin dole. Sai mutane suka yanke: wanda sababbin haƙoransa suka fito ya isa ɗauka, mai giɓi kuwa yaro ne, za a bar shi.

Uwar Kaka, Hajara, shi kaɗai ya rage mata, sauran duk ta binne su. Nasa kuwa sun riga sun fito, manya, farare tas. Ta ja shi bayan rumbu, ta matse shi tsakanin gwiwoyinta, ta ɗauki ɗan dutsen niƙa. Gwaggo ba ta ƙarasa wannan wurin ba, ni ma ba zan ƙarasa ba. Abin da Hajara take ce masa kawai, "Yi shiru, ɗan Inna. Wasu za su fito, yadda waɗannan suka fito." Kuma har zuciyarta haka ta ɗauka.

Nasara ya zo da wani ɗan ƙarfe na awo, aka jera yara a ƙofar mai gari. Da ya buɗe bakin Isuhu ya ga dasashi a kumbure, ya kira tafinta. Tafinta ya ce, "Ke, ya ce al'adarku ce cire wa yara waɗannan biyun?" Gardi na tsaye da bulala. In ta ce a'a, sai ta faɗi dalili. Ta ce, "I, al'ada ce." Nasaran ya yi ta murna, ya tambayi ina haƙoran. Suna ƙulle a bakin zanenta. Ya karɓa, ya naɗe, ya hau doki. Ko yaro ɗaya bai ɗauka ba. Tafinta ne ya waiwayo ya ce, "Ba ɗiba ya zo ba fa, awon haƙoran baƙar fata kawai yake."

Shekara da shekaru Hajara na ɗaga leɓen ɗanta kullum safe, tana shafa masa man shanu. Da ta gaji, ta ce ƙadangare ne. Shi kuma ya karɓi maganar ya riƙe, ya rufa wa uwarsa asiri har ya tsufa.

Ni ban ga laifinta ba. Haushina na kan mutumin da ke da tafinta, da gardi, da doki, amma bai ga ya kamata ya aiko a ce ga abin da ya kawo shi ba. Wa ke yi wa rago bayani? Yanzu in na karanta cewa ƙabila kaza na cire haƙoran gaba don al'ada, sai in yi shakka. Wasu gaskiya ne, na sani. Amma nawa ne a ciki "i" ɗin mace mai tsoro?

Da Kaka na raye ya gan ni da salula ina leƙa bakin ƴaƴan maƙwabta, na san zai ce, "Kai ma ka shiga sahunsu?" Ya riski zamanin haƙorin roba. Babana ya taɓa cewa zai kai shi Zinder a sa masa. Ya ce, "Bar shi. Inna ta cire, wa zai mayar?"

Me ya rage nasa? Gona, da jikoki masu cikakken baki, da hoto ɗaya da ya tsuke leɓe. Mun binne shi a Hamdara, Allah ya jiƙansa, amma ba dukansa muka binne ba. Biyu na can wata ƙasa, in ba a zubar ba, ana kiransu al'adar mutanen Damagaram.

Don Allah, in akwai tsoho a gidanku, ku tambaye shi tun yana iya amsawa: me nasara ya auna a jikin mutanenmu, me aka ce masa don ya tafi? Ku rubuto ku gaya mini. Ina so in san ko Hajara kaɗai ta ce "i".