Kafa ta Bakwai da Ban Rubuta Ba

Ni ɗan Kwatarkwashi ne, ɗan manomi, kuma kafin in lalace mutum ne ni da ake ba amana. A Gusau na koyi aikin kwamfuta. Sana'ata ita ce duba wa masu ƙananan sana'o'i inda ɓarayin intanet za su iya shigo musu. Manhaja nake sakawa ta bi duk na'urar da ke wurin, ta nuna mini inda aka bar kafa, in rubuta rahoto, a toshe.

Wata rana wani Alhaji mai ɗakin gwajin jini ya kira ni, wurin da masu shirin aure ke zuwa gwaji. Ya ce, "Malam, asirin mutane ne a hannuna. Ka duba mini tsakani da Allah." Har fura ya sa aka dama mini.

Kafa bakwai na samu, shida na rubuta. Ta bakwai wata tsohuwar firinta ce mai ajiye kwafin duk takardar da ta buga, kuma ba a taɓa canza lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ba. Na ce wa kaina zan ajiye ta ne don in ya sake kirana in nuna gwaninta. Ƙarya nake yi. Wallahi har yau ina tuna yadda na goge layinta daga jerin da manhajar ta fitar, ina murmushi.

Ba a yi mako ba na mayar da teburin mai shayin da ke jikin katangarsa wurin zamana. Kullum da hantsi ina nan, ina shiga firintar ta wayata, ina karanta sakamakon mutane kamar jarida. Wane sikila, wance ciwon hanta. Ina kurɓar shayi ina taɓe baki, kai ka ce ni na ba kaina lafiya. Tir da wannan zama.

Daga karatu sai ba da labari a majalisa. Wani mutumin Tsafe ya ji, ya ja ni gefe. Yayansa ne zai auri wata bazawara, Malama Hinde, mai koyar da yara karatu a zauren gidansu, dangi kuma ba sa so. Ya cusa mini abu a aljihu, na tura masa takardar gwajin da ta yi wurin Alhaji. Tana ɗauke da ƙanjamau, wajen marigayi mijinta ta samu. Abin da ban sani ba, mai neman auren ya san da maganar, shi ma yana da ita, tare suke karɓar magani sun rufa wa juna asiri.

Cikin kwana biyu takardar ta zaga wayoyin Tsafe har 'Yandoto. Dangi suka rushe auren. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga zaurenta.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji, ya kira ni. Na je, na zauna kusa da shi ina salati, ina taya shi zargin ma'aikatansa. Wannan ya fi komai ba ni ƙyamar kaina.

Allah ya sa bai tsaya a kaina ba, ya ɗauko wata mai irin sana'ata ta sake dubawa. Nan take ta ga firintar, ta ga wayar da ke shigarta kullum. A gabana ta ce, "Alhaji, wanda ya duba maka da farko, ko makaho ne ko ɓarawo."

Aka bi sawun wayar, sai ga ta tawa ce. Kotu ta tura ni gidan yari, kuma ban ga laifin alƙali ba.

Da na fito na tuba, na tafi Tsafe. Na tarar da Malama Hinde a zauren, alluna jingine a bango, ba mai ɗauka. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne.

Ta ce, "Na yafe maka, don ni ma ina neman gafarar Allah. Amma Malam, da ka karanta, me ka ƙaru da shi?"

Na tashi na kama hanyar gida.

Masu sana'a, ku canza lambar sirrin kowace na'ura, har firinta. Ku riƙa sa a duba muku akai-akai, kuma kada mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ne idonku. Ku kuma samarin da ke koyon aikin nan, in kun ga kafa bakwai, ku rubuta bakwai. Ni na gama zamana na fito. Takardar Malama Hinde har gobe tana cikin wayoyin mutane, kuma ba ni da hanyar goge ta.