Mai Kunne da Faifansa Dubu Uku

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana daidaita sauti a gidan rediyo, a can ne ma aka laƙaba masa Mai Kunne. Daga bakin ƙofar ɗakin ɗaukar murya zai ce, "Wayar hagu ta saki," a duba a tarar haka ne. Abokan aikinsa kan tsokane shi cewa ko sauro ya yi tari sai ya ji.

Da ya yi ritaya sai ya kwashe kayan ɗakin baƙi kaf, ya shimfiɗa kafet mai kauri, ya rataya labule har a jikin bango don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Ya kafa lasifika biyu masu tsayin mutum, da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda sai da ƙarti biyu suka ɗaga, da kwamfutar da ba a yin komai da ita sai kiɗa.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, baƙin kuma a kan lasifika za su kwana?"

Faifan CD dubu uku da 'yan kai ya tara a rayuwarsa. Burinsa shi ne ya kwafe su duka cikin kwamfuta ba tare da an matse sautin ba, yadda ko numfashin mawaƙi ba zai salwanta ba. Kullum bayan karin kumallo zai goge faifai da kyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ya saka, ya jira. Kwamfuta ta nuna kuskure ko ɗaya, sai ya sake daga farko. Sannan ya buga sunan waƙa da na mawaƙi da shekara, da yatsa biyu. Bai yarda ya zauna ya saurara ba. Ya ce sai ya gama tukuna, ya ji daɗinsa a tsanake.

A shekara ta biyu ya kunna wata waƙa don gwaji, ya ji siririn sautin goge ya dushe. Ya sauya wayoyi. Ya zargi na'urar karanta faifai, ya kawo wata, ya sake kwafe faifai ɗari huɗu. Duk a banza.

Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce, ta zo gaishe su ta tarar gilashin taga na rawa.

"Baba, ka san ka ƙure ƙarar nan kuwa?"

"Ke ce za ki koya mini sauti?"

Da ƙyar ta ja shi asibiti. Likita ya ce siraran sautuka sun tafi, ba za su dawo ba. Shekarun da ya yi da ƙara a kunne a wurin aiki ne suka cinye su. Aka saka masa na'urar ji. Ya ce komai ya koma kamar ana kiɗa a cikin gwangwani, ya jefa ta a aljihun tebur.

Duk da haka sai da ya ƙarasa aikin, bayan ƙarin wata tara, bai tsallake faifai ko ɗaya ba.

Ranar da ya gama, mijin 'yarsa ya roƙa aka bar shi ya zuba waƙoƙin a wayarsa, ya matse su don su shiga. Mai Kunne ya ce wannan kisan kai ne.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba, ai duk ɗaya ne."

"Ɗaya? Kunna su bi da bi, ni zan juya baya."

Surukin ya haɗa wayar da amfilifaya, ya kunna ta kwamfuta, sannan ta waya. Mai Kunne ya runtse ido, ya sa aka maimaita har sau uku.

"Ta biyun," in ji shi. "Ita ce tawa. Ko kurma ya san bambanci."

'Yarsa ta sunkuyar da kai tana gyaran gyale. Da ya juyo ya ga fuskokinsu, sai ya gane ta waya ya zaɓa. Ya kashe amfilifayar, ya zare wayarta daga bango, ya ce wa matarsa ta kawo wa baƙi ruwa.