Wake Mai Toka

Bazarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara cinye ƙauyukan wajen Maradun, ni ina Talata Mafara da 'ya'ya biyar da kaskon ƙosai, ko lokacin sosa kaina ba ni da shi. Maigidana mahauci ne, ubana ma mahauci ne. Mu nama muka sani. Nuna mini cinya in gaya maka ko saniyar ta tsufa, amma fartanya ban taɓa riƙe ta ba, gona kuwa sai dai in hango ta daga cikin mota. Aikin dam ya tara leburori a gari, su kuma ba sa hawa motar aiki sai sun karya, don haka tun assalatu nake tashi in wanke waken da na jiƙa, in markaɗa, in soya, babbar ɗiyata ta ɗauki tire ta kai bakin tasha. Kafin ta dawo na yi wa ƙanana wanka, na dama koko, na aika wa surukata nata.

Zafin shekarar nan kuwa, kai, ba a magana. Ruwan randa ma ɗumi yake yi. Yara duk sun feso da ƙuraje a wuya, wannan na kuka wancan na susa, ni kuma ina tsakiya ina faɗa. Ina da faɗa, kowa a unguwar ya sani, amma ina da kyauta, wannan ma kowa ya sani, kuma ina son a sani ɗin.

Ana cikin haka aka sauke mana maƙwabciya a kangon da ke bayan gidanmu, dangar kara ce kawai tsakaninmu. Tsohuwa ce daga cikin waɗanda ruwa ya tasa, mijinta ya rasu, ga jikoki biyu marayu a hannunta. Gwaggo nake ce mata. Ranar da suka iso na bar miya a wuta na zagaya in taya ta shigar da kaya, don ni ba na iya ganin abu in kau da kai. Kayan ma ba wasu ba ne, tabarma ce da tukunya da ƙore biyu, sai wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Na kai hannu zan ɗauka ta tare ni.

"Bari wanga, ɗiyata, ni ka ɗauka."

Ta ce iri ne, waken gonarsu da ruwa ya ci, shi kaɗai ta tsira da shi. Ƙanin mijinta a Bakura ya yi mata alkawarin ɗan fili in damina ta sauka. "In na shuka shi Allah ya ba shi, ni da yaran ga ba mu roƙon kowa baɗi." Na ce Allah ya sa albarka. Da kunnena na ji, wallahi na ji, amma hankalina na kan miyar da ke ƙonewa, maganar ta bi ta bayan kunnena ta wuce.

Daga ranar na ɗora wa kaina ciyar da su. Duk abin da na sauke sai na zuba a kwanona mai murfi, na miƙa ta kan danga. In maigida ya dawo da kayan ciki ko ƙashin miya, da rabonsu a ciki. To, a wajenmu ba a mayar wa mutum kwano wofi. Ko ɗan gishiri ne sai ka sa, in ba haka ba ka zama wanda ake ba sadaka, ba maƙwabci ba. Gwaggo kuwa mutuniyar da ce, ta fi ni sanin wannan. Kwano ya dawo da ƙullin kuka, ya dawo da daddawa, ya dawo da busasshiyar kuɓewa. Ina karɓa ina jefawa a kwando, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina nawa tsohuwar da ta zo da ƙore biyu take da shi ba.

Sai wata rana kwano bai dawo ba. Washegari na sauke tuwo na nemi abin zubawa na rasa, na leƙa ta kan danga da bakina da ba ya shiru.

"Gwaggo, ko kwanon nawa ya yi aure a gidanki ne? A sako mini shi ya zo ganin gida mana!"

Na ji ta yi 'yar dariya. An ɗan jima sai ga kwano ta kan danga, da wake cikin tafin hannu ɗaya a ƙasansa, duk ya yi furu-furu da toka. Na yi tsaki a raina, na ce mutanen ƙauye dai, wake ma sai sun bi shi da toka. Na hure, na watsa cikin wanda zan jiƙa. Da na zo wankewa da asuba na lura nata ya fita daban, manya ne farare, bawon na sulluɓewa da kansa. Rana na fitowa na ɗaga murya don har na gaba da ita su ji.

"Gwaggo, wannan wake naki ai ya kunyata na kasuwa! In da saura kar ki ɓoye mini, kin ji ko?"

Ta ce, "Akwai, ɗiyata." Daga nan kullum kwano da wake yake dawowa.

Ni kuwa ina ta hidimata. Ranar Talata in aiki yara kasuwa cefane, in tsaya kansu da lissafin abin da za su sayo har su gaji da ni. In goya auta in kai shi asibiti a duba ƙurajensa, a hanyar dawowa in biya in gaida mai jego, in wanke mata tukwane tun da na tarar da su a jibge. Da la'asar matan unguwa su kawo kawunan 'ya'yansu in yi musu kitso, ba na karɓar kome. Wata rana muka cika mota muka tafi suna Jangebe, a tsakar gidan sunan nan, cikin mata, aka tambaye ni labarin baƙin da ruwa ya koro. Na gyara zama na ce ai akwai wata baiwar Allah a bayan gidana, ni ke riƙe da ita da jikokinta, safe da dare. Mata suka yi ta sa mini albarka, kaina ya fasu. Yanzu in na tuna yadda na gyara zaman nan sai in ji kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Ba wai ba ta nuna mini ba. Ta nuna, iyakar yadda mai kunya zai nuna. In na kira ta sai ta ce, "Ɗiyata, ki huta da wahalar ga yau, mun ci." Ni kuma in ce, "Haba Gwaggo, me kuka ci? Tun safe ban ga hayaƙi a gidanki ba." Wani lokaci in yi ta kira ta yi kamar barci take, sai in rataya kwanon a kan itacen danga in ce yara su ɗauka kafin kaji su riga su. A tunanina kara take yi mini, ni kuma na fi ƙarfin kararta. Maigida ma sai da ya tanka, yana wanke wuƙaƙensa ya ga ina hure toka.

"Ke, tsohuwar nan da ba ta zuwa kasuwa, ina take samun wake?"

"Kai dai ka ji da namanka," na ce masa, na ci gaba da abin da nake yi.

Ruwa ya sauka. Yara suka fita tsirara suna tsalle, ƙurajen suka kwanta, gari ya yi ƙamshin ƙasa. Manoma suka shuka gero, ya fito, lokacin wake ya yi. Wata yamma Gwaggo ta kira ni ta kan danga, abin da ba ta saba ba, ta ce gobe za ta Bakura shuka, ko zan riƙe mata yaran har ta dawo. Na ce wannan ai ba abin tambaya ba ne. Da safe na gama suya, na cika kwano da ƙosai mai zafi, na ce bari in zagaya da kaina in kai mata ta karya kafin ta kama hanya, in taho da yaran.

Na yi sallama na shiga. Tana zaune a ƙofar ɗaki, ta fasa lakar bakin tulun nan ta kifar da shi a kan tabarma. Toka ce tsibi guda. Tana ɗiba da rariya tana tankaɗewa, in ƙwaya ta fito ta tsince ta sa a faifai. Abin da ke cikin faifan nan ko tsakiyarsa bai rufe ba. Manya, farare, furu-furu da toka, irin wanda na kwashe bazara ina hurewa ina watsawa cikin ruwan jiƙo.

Innalillahi. Na tsaya kamar an dasa ni, kwanon ƙosai na ƙona mini hannu, kuma a cikin ƙosan nan akwai waken da ta ba ni jiya. Da na buɗe baki, tambayar wauta ce ta fito.

"Gwaggo, ina sauran?"

Ba ta ɗago ba. "An tashi lahiya, ɗiyata? Ya yaran? Ya maigidan?" Sai da ta gama gaisuwarta tsaf, sannan ta ce, "Wanga ma in Allah ya sa albarka ya isa."

Ban san lokacin da na juye ƙosan a ƙwaryarta na fita da gudu ba, ko mayafi ban gyara ba. Na faɗa ɗaki na buɗe buhun waken sana'ata, na cika kwanon har yana zuba, na dawo ina haki. Na durƙusa na ajiye a gabanta, na ce ta yi wa Allah ta shuka wannan, ta yafe mini, ban sani ba. Ƙarya nake, na sani, a gabana ta faɗa, kuma ita ma ta san ta faɗa. Ta sa hannu ta ɗebo kaɗan ta jujjuya a tafinta. Sai a lokacin na gan shi da idon mai shuka, ƙanana ne, gauraye, rabi duk ƙwari sun huda. Na ƙosai ne, wanda ake markaɗewa ba a tambayar cikinsa.

"Za shi yi," ta ce. "Allah shi yi miki albarka."

Ta juye shi a tsumma ta ƙulle. Ta goge kwanona da bakin zanenta, sannan ta ɗaga kai ta dubi cikin ɗakin. Ni ma na duba. Tabarma, tukunya, ƙwarya. Ta dubi bayan ƙofa, ta dubi ragaya, babu kome. Sai ta jawo faifan nan ta raba ɗan abin da ke ciki biyu da gefen hannu, ta kwashi rabi za ta zuba mini.

Na cafke hannunta. "Gwaggo, don girman Allah! Wallahi ba zan karɓa ba."

Tun da ta zo ban taɓa ganin ɓacin ranta ba sai ranar. Ta dube ni ido cikin ido.

"Sake ni. Tun da nike ban taɓa maida kwanon mutum wofi ba, ba yau za ni farawa ba. Ko so kike ki maishe ni mai bara?"

Na sake ta. Me zan yi? Na ji ƙarar ƙwayoyin a ƙasan kwano, ta rufe da murfi ta miƙo mini hannu biyu, na karɓa hannu biyu, har na ce na gode. Na tasa jikokinta a gaba muka fito, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da ba a rufe mini baki a unguwar nan, ko "sai kin dawo" ban iya ce mata ba.

Muna shiga gida babbar ɗiyata ta dawo daga tasha. Ta karɓi kwanon a hannuna kamar yadda ta saba, ta buɗe, ta hure tokar, ta nufi ƙwaryar jiƙo da shi. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, na fizge kwanon, na kai mata mari a kafaɗa. Yarinya ta fashe da kuka tana cewa, "Inna, me na yi? Ba kullum haka kike cewa in yi ba?" Ƙannenta suka yi cirko-cirko, jikokin Gwaggo suka maƙale a jikin bango.

Sai ga muryar tsohuwar ta kan danga, a hankali, tana ɗaure kayan tafiyarta.

"Mi ta yi? Bar ta, ɗiyata, kar ki buge ta. Wake ne fa, ku ci abinku."

Na zauna a bakin murhu da kwanon a cinyata.